Yadda zaka gyara hob ɗin tsohon babur ya karɓi sabon faifan birki

Abin yakan fara ne da mutum ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya tsinci faifan birki mai kyau, wato dis, ya kawo gida ya ɗora a hob ɗin tsohon babur ɗinsa, wato cibiyar tayar da take juyawa akan shaf, sai yaga ramukan bol basu haɗu ba, ko ramin tsakiya yayi faɗi yana lilo, ko kuma ya zauna amma yana gugar shakazoba. Daga nan sai shawarwari su fara zuwa, wannan yace a kai wa mai walda, wancan yace a buɗa ramukan da fayel kawai a ɗaure. Duka biyun hanyar asibiti ce wallahi. Aikin yana yiwuwa kuma ba wani tsafi a cikinsa, amma aikin awo ne da injin tona, mai juya ƙarfe ana yanka shi, ba aikin guduma bane.

Me yasa ma ake son canzawar? Tun 1969 da Honda ta fito da CB750 mai birkin dis a gaba abin ya yaɗu, amma faifan wancan zamanin kauri ne dashi ga nauyi, babu huda a jikinsa, in ruwan sama ya jiƙa shi sai ka matse hannu kaji shiru na ɗan lokaci kafin ya kama. Na yanzu siriri ne, a ƙananan babura kaurinsa wajen milimita 4, an huhhuda shi yana zubar da ruwa da ƙura, yana saurin hucewa. Ga kuma matsalar samu, tsohon faifai in ya cinye nemansa wahala, sabo kuwa gashi nan a shaguna.

Kafin komai duba wane irin hob gareka

In hob ɗinka tun asali na dis ne, yana da fuska a miƙe da ramukan bol, to kai aikinka mai sauƙi ne, cigaba da karatu. In kuma na diram ne, irin mai shu a ciki da ake ja da waya, kaman tsohuwar CG125 ko Suzuki AX100 ko Jincheng ko Boxer, to gaskiya ni shawarata kada ka huda shi. Gefe ɗaya buɗe yake don filet ɗin birki ne ke zama a wurin, ɗaya gefen kuma bango ne siriri na alminiyam ɗin zubi wanda ba'a yishi don ɗaukar murɗawar faifai ba, ba naman da tiredi, wato zaren da bol ke ɗaurewa a ciki, zai kama. Abinda ake yi shine a nemo hob na dis daga wani babur mai yawan ramukan sifok (wayoyin wili) iri ɗaya, mafi yawanci 36 ne, a saƙa shi a wilinka, sannan a nemo ƙafar shakazoba mai kunnuwan ɗaure kalifa, wato abin da ke matse faifan in an kama birki, domin ƙafar babur mai diram ɗan tudu ɗaya ne da ita na riƙe filet. In ka samu wannan hob ɗin to duk abinda zan faɗa a ƙasa ya shafe ka kaima.

Kayan da zaka tanada: baniya, wato ma'aunin kauri da faɗi, mai kyau, in da hali ta dijital, agogon awo da ake kira dayal geji, sifanar tok mai auna ƙarfin ɗauri, taf na yin tiredi, kwali da kamfas na 'yan makaranta, kananzir, alli, da littafi da biro. Kar ka raina littafin nan, lambobin suna da yawa kuma kuskuren rabin milimita ya isa ya ɓata aikin gaba ɗaya.

Mataki na farko, wanke hob ka bincika shi

Cire taya, cire tsohon faifai. Bol ɗin faifai yawanci an sa musu gam na tiredi tun daga kamfani, in sun ƙi ka ɗan ɗumama wurin kaɗan kuma kayi amfani da alanki mai baki lafiyayye, in ka cinye kan bol ɗin ka ƙara wa kanka aikin yini guda. Fitar da boris da bushin ɗin dake tsakaninsu, ajiye wannan bushin ɗin wuri mai kyau don shine ke hana boris matsewa in an ɗaure shaf, mutane da yawa suna mantawa dashi. Wanke hob tas da kananzir.

Yanzu duba tsagewa. Dabara ce tsohuwa amma tana aiki: jiƙa hob ɗin da kananzir ka barshi ya ɗan jima, goge shi ya bushe ƙaf, sai ka shafa garin alli a kewayen ramukan bol da mazaunin boris da ramukan sifok. In akwai tsaga kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana layi a kan allin. Ka ga layi, to a ajiye hob ɗin nan, a nemo wani. Sannan gwada sabon boris a mazauninsa, in yana faɗawa da hannu ba tare da an buga ba mazaunin ya buɗe, shima wannan hob ɗin ba na ɗora dis bane domin tayar zata riƙa rawa faifan na bin ta.

Mataki na biyu, awo uku da komai ya rataya akansu

Na ɗaya ramin tsakiya. A fuskar hob akwai wani ɗan tudu zagayayye, kafaɗa muke ce masa, wanda ramin tsakiyar faifai ke shiga ya zauna. Nan ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Wannan kafaɗar ce ke saita faifai a tsakiya, ba bol ba. Bol aikinsa matsewa kawai. Kaman murfin tukunya ne, leɓen da ya shige bakin tukunyar shi ke hana shi zamewa. Duk wanda ya ɗora faifai mai faɗin rami ya dogara da bol su saita masa shi, faifan zai zauna a karkace yana hawa yana sauka cikin kalifa, bol ɗin suna cin duka har su saki. Auna faɗin kafaɗar hob da baniya a wuri biyu ko uku, auna ramin sabon faifai, rubuta.

Na biyu da'irar da ramukan bol suke kai, masu sayarwa suna rubuta ta PCD. In ramuka 4 ne ko 6 da sauƙi, auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Tunda ba'a iya ɗora baniya a tsakiyar rami, auna daga baki zuwa baki ta ciki sai ka ƙara faɗin rami ɗaya. In ramuka 5 ne ko 3 babu mai fuskantar wani, sai ka auna tsakanin maƙwabta biyu ka ninka: na 5 a ninka da 1.701, na 3 da 1.155. Don tabbatarwa, na 4 ana ninka tazarar maƙwabta da 1.414, na 6 kuma da 2 cif. Yi awon sau biyu a ramuka daban daban, in lambobin basu zo ɗaya ba sake yi.

Na uku zurfi, wato inda faifan zai tsaya tsakanin hob da ƙafar shakazoba. Wasu fayafayan a miƙe suke sumul, wasu kuma tsakiyarsu ta lotsa ciki ko ta turo waje. Kifa faifan akan gilashi ko tebur mai laushi ka auna lotsawar. Sannan maida taya cikin shakazoba da shaf da duka bushin ɗinta, ba faifai, ka ɗaura kalifa a mazauninta ka auna daga fuskar hob zuwa tsakiyar ramin kalifa inda faifai ke ratsawa. Auna kuma daga fuskar hob zuwa cikin ƙafar shakazoba, wannan shine iyakar filin da kake dashi.

Mataki na uku, zaɓi hanya

In kayi sa'a ramukan bol sun zo ɗaya, ramin tsakiya ne kawai yafi kafaɗa faɗi, to zobe kawai kake buƙata, mai tona ya yanka maka shi ya shige kafaɗa a matse, faifai kuma ya shige kansa. In ramin faifan ne ya ɗan yi ƙanƙanta gara a buɗa na faifan a injin akan a rage kafaɗar hob, don gobe in ka so komawa tsohon tsari hob ɗinka na nan lafiya.

In yawan ramukan ɗaya ne amma da'irar ta ɗan bambanta, wasu suna huda sabbin ramuka tsakanin tsofaffi. A jikin faifai hakan na yiwuwa in tsakiyarsa cikakken ƙarfe ne ba mai tagogi ba. A jikin hob kuwa sai ka juya bayansa ka duba da kyau, yawancin hob na zubi inda ramukan suke ne kawai aka tara nama, tsakaninsu siriri ne, in ka huda nan tiredi biyu uku ne zasu kama. Maida rami zagayayye ya koma dogo da fayel kuma, wannan kam a'a, ko da wa ya baka shawarar.

Hanya ta uku ita nafi yarda da ita kuma ita ce ke warware yawancin matsaloli: adafta. Wani faranti ne zagayayye da ake yankawa, cikinsa ya dace da hob, wajensa ya dace da sabon faifai. Hob ɗinka ba'a huda shi ba, faifai ba'a taɓa shi ba, ranar da faifan ya cinye ka sayi irinsa ka ɗaura.

Maganar walda, bari in ɗan tsaya akai tunda ita ce ta fi yawa a bakin mutane. Hob alminiyam ne na zubi, ya shekara da shekaru yana shan giris da mai, in aka sa masa wuta ƙarfinsa na raguwa a inda zafin ya taɓa, mazaunin boris na iya karkacewa, kuma tsagar da zata biyo baya ba lallai ka ganta da ido ba sai ranar da ka danne birki da ƙarfi da kaya a baya. Faifan kansa ma ba'a yi masa walda, zafi na lanƙwasa shi.

Mataki na huɗu, zana adafta

Bari mu ɗauki misali da lambobin da na zaɓa don lissafi kawai, awon duk a milimita yake, naka zai bambanta. Mu ce hob ramuka 4 ne, tsakanin maƙwabta 56.6, ka ninka da 1.414 ya baka da'ira 80, kafaɗarsa 54. Sabon faifai ramuka 5, tsakanin maƙwabta 73.5, ka ninka da 1.701 ya baka 125, ramin tsakiyarsa 105. To adaftarka ramin cikinta 54 ne, da ramuka 4 akan da'irar 80, sannan a ɗaya fuskar a fitar mata da tata kafaɗar mai faɗin 105 da ramuka 5 akan da'irar 125. Tsayin wannan sabuwar kafaɗar ya ɗan gaza kaurin faifai ko yazo daidai dashi, kar ya wuce har ya taɓo wani abu.

Daga tsakiyar kowane rami zuwa bakin ƙarfe a bar aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurin bol, in M8 ne milimita 12 kenan, in an samu 16 yafi. Kaga a misalin namu faɗin adafta gaba ɗaya zai kama daga 150 zuwa sama. In da'irorin biyu sun yi kusa da juna sosai ramuka zasu riƙa cin juna, zana su a kwali da kamfas ka jujjuya ka gani, in duk yadda ka juya akwai biyun da ke haɗuwa to canza faifai kawai, kar ka tilasta.

Kauri kuma daga awo na uku yake fitowa. Mu ce daga fuskar hob zuwa tsakiyar ramin kalifa 14 ne, faifan a miƙe yake kaurinsa 4, rabinsa 2, to kaurin adafta 12 kenan. In faifan mai lotsawa ne sai ka cire ko ka ƙara gwargwadon inda ya lotsa. Daga nan lissafa kan bol, bayan adafta da faifai da kan bol ɗin dole a samu aƙalla milimita 2 zuwa 3 kafin ƙafar shakazoba, shi yasa bol ɗin faifai na asali kansu gajere ne a baje. In fili bai isa ba kar ka ce zaka rage bushin ɗin gefe ɗaya ka ƙara na ɗayan don taya ta matsa, tayar gaba dole ta zauna tsakiyar shakazoba daidai layin ta baya, in ba haka ba babur zai riƙa ja gefe. Kuma tuna da giyar sifidomita in a gefen take, ita ma tana son wurinta.

Da wane ƙarfe? In ana samun alminiyam mai lamba 6061-T6 ko 7075 shine daidai. In babu, baƙin ƙarfe mai kyau yafi alminiyam ɗin da ba'a san asalinsa ba, nauyi ne kawai zai ɗan ƙaru kuma sai an masa fenti saboda tsatsa. Alminiyam ɗin da ake narkawa a zuba tukwane dashi kuwa ko kyauta aka baka kar ka karɓa, cikinsa duk ƙananan ramukan iska ne. Tiredi a alminiyam yana son zurfin ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na kaurin bol, M8 yana son 12 zuwa 16. Kaga misalin namu na 12 a bakin iyaka yake, in adaftar ta fi haka siranta to a yita da ƙarfe ko a zura bol ya fita baya a sa noti mai kulle, in har notin bazai taɓa sifok ba.

Mataki na biyar, wajen mai tona

Tafi da hob da faifai da bol da zanenka, kar ka aika yaro da lambobi a takarda. Kuma zauna a wurin. Abinda zaka roƙe shi na farko, kar ya kama hob ɗin ta waje da haƙoran injin, wajen hob na zubi ba zagayayye bane sosai. Ya yanka sanda ta shige mazaunin boris ko cikin sabbin boris ɗin, ya ɗora hob akanta, domin taya akan boris take juyawa, duk abinda aka saita da boris shine zai juya daidai a titi. Ya ɗora agogo akan fuskar hob da kafaɗa ya juya da hannu, in fuskar na da ɗan tudu ko tsatsar alminiyam ya share ta kaɗan, iya abinda zai goge kawai.

Adafta kuma a yanka ramin ciki da fuskar da ke kwanciya a hob a ɗauri ɗaya ba'a kwance ba. Ramin ya shige kafaɗar hob da turin hannu ko ɗan bugun tafin hannu, ba lilo ba guduma. A ɗan karya bakin ramin, don lungun kafaɗar hob yawanci yana da ɗan lanƙwasa, in bakin adafta na da kaifi zai hau kan lanƙwasar ya hana ta kwanciya ƙasa, sai kaga an ɗaure tam amma haske na ratsa ƙarƙashi.

Ramukan bol in yana da injin mai raba da'ira da digiri shine yafi, 4 kowane digiri 90, 5 kowane 72, 6 kowane 60. In babu, tunda kafaɗa ta riga ta saita faifai a tsakiya sai a ɗora faifan akan adafta a matse a yi amfani da ramukansa a buga alama da fonci mai cika ramin. A huda a injin tsaye, ba dirilar hannu ba. Ramin da za'a yiwa tiredin M8 ana huda shi da 6.8, na M6 da 5, ramin da bol M8 zai ratsa kawai kuma 8.5. Taf ya shiga a miƙe, ana sa masa ɗan kananzir ana juyawa gaba ana dawowa baya.

Ga dabarar da ke raba aiki mai kyau da na jeka-na-yi-ka: a bar fuskar waje da kafaɗar faifai da ɗan ragowar nama, a ɗaure adafta a jikin hob da bol ɗinta na gaske, a maida su kan sandar nan tare, sannan a yi yankan ƙarshe. Duk ɗan kuskuren dake tsakanin hob da adafta ya tafi kenan. Kafin a kwance a buga ɗigo ɗaya a hob ɗaya a adafta, don kullum a maida su yadda suke.

Mataki na shida, haɗawa

Sa sabbin boris, araha ne ba sai an maida tsofaffi ba. Lambar na jikinsu, misali 6301 cikinsa 12 wajensa 37, 6202 cikinsa 15 wajensa 35, 6302 cikinsa 15 wajensa 42, wannan ma na taimakawa in hob ɗin da ka samo shaf ɗinsa ya bambanta da naka, wani lokaci canza lambar boris kawai ke warwarewa, amma sai an yanka sabon bushin na tsakiya daidai da shaf ɗin. Ajiye hob a rana yayi zafi, boris kuma a firji, zasu shige da sauƙi. A buga ta zoben waje kawai.

Bol kuma duba kansa, ka nemi mai lamba 8.8 ko 10.9, ko na faifai na asali. Wanda babu lamba a kansa barshi a shago, araha bata ado. Masu ƙyalli na silba irin A2-70 suna da kyau a ido amma basu kai 8.8 ƙarfi ba. Gwada tsawonsu, kar bol ya taɓo ƙasan rami kafin ya matse, zaka ji ya ɗauru alhali faifan sakwa-sakwa yake. Goge fuskokin duka su bushe, ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashi ta isa ta karkatar da faifai. Ɗiga gam na tiredi irin Loctite 243 mai ruwan bula. Duba kibiya a jikin faifan, da yawa suna da alamar inda suke juyawa, rubutu kuma yawanci waje yake kallo. Ɗaure a giciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, a zagaye biyu ko uku ana ƙara ƙarfi. Bol M8 mai 8.8 na gama-gari wajen Nm 22 zuwa 25 ne a sifanar tok, M6 wajen 10, amma in littafin babur ɗin da faifan ya fito daga jikinsa ya faɗi wata lamba ga bol ɗinsa na asali bi tasa.

Maida taya, ɗora agogo a jikin shakazoba bakinsa na taɓa faifai kusa da gefen waje, juya a hankali. Littattafan Honda da yawa suna sa milimita 0.3 a matsayin iyakar rawar faifai, amma wannan iyakar tsohon faifai ne da za'a cire, sabon aiki ka nemi 0.1 ko ƙasa. Babu agogo? Ɗaure waya mai ƙarfi a ƙafar shakazoba bakinta ya kusa taɓa faifai, juya taya ka riƙa zura filageji, siraran ƙarafan auna tazara, a tsakani. In rawar tayi yawa kwance ka juya faifan rami ɗaya ka sake gwadawa, in wurin tudun ya bi faifan to faifan ne a lanƙwashe, in ya tsaya inda yake matsalar na adafta ko datti ne. In faifan na hannu ne duba rubutun MIN TH a jikinsa, shine kaurin ƙarshe da aka yarda, mai 4 yawanci 3.5 ne, auna tsakiyar inda fad, wato takalmin birkin dake cikin kalifa, ke ci ba bakin waje ba.

Kalifa da baraket

In sabon faifan faɗinsa ɗaya da tsohon, kalifa zata koma wurinta. In yafi girma sai an yi baraket ya matsar da ita waje. Fara yinsa da kwali, sannan katako ko filastik mai kauri, sai ka gamsu a yanka a ƙarfe mai kaurin 8 zuwa 10, guda ɗaya ba haɗin walda ba. Hanyar samun wurin: zura kalifa akan faifai, sa ɗan kwali siriri tsakanin bakin faifai da rufin kalifa don barin fili, matse birki ka ɗaure libar da roba, kalifar zata riƙe kanta, sai ka auna ramuka. Fad ya kwanta gaba ɗaya akan hanyar da aka tanada a faifan, samansa ya ɗan yi ƙasa da bakin faifai kaman milimita 1. In fad ya leƙo sama zai ci ya bar tudu, wata rana tudun biyu su haɗu da juna birki ya daina kama faifai.

A taya mai sifok kalifa mai zamiya, wadda fistin ɗinta ke gefe ɗaya, ta fi sauƙin zama, mai fistin gefe biyu bayanta kauri ne tana yawan taɓa sifok. A bar fili milimita 3 tsakaninsu don taya na ɗan lanƙwasa a kwana. Kuma kar kwaɗayi ya kaika ɗora faifai 300 a babur 125 mai siraran shakazoba, zaka ji gaban na murɗewa duk sanda ka taka, ga titunanmu da yashi a gefe, tayar gaba ta kulle sau ɗaya kana ƙasa. Wajen 240 ya ishi irin waɗannan baburan.

Masta kuma, wato famfon man birki dake jikin libar hannu, gara ka samo wadda suka zo tare da kalifar. Girman fistin na rubuce a jikinta, 11 ko 14 a milimita, ko 1/2 a inci. In tayi wa kalifa girma liba zata yi tauri birki kuma ba kamu, in tayi ƙanƙanta liba zata riƙa tafiya har ta taɓa hannu. Tiyo sabo, washa na jan ƙarfe sabbi, ka ɗaga gaban babur ka juya kai dama da hagu ka tabbatar tiyon baya miƙewa tam kuma baya gugar taya. Man birki DOT 3 ko DOT 4 yadda aka rubuta a murfi, kar a haɗa da DOT 5 don shi na silikon ne, kuma a rufe tanki da tsumma domin DOT 3 da DOT 4 na cin fenti. Cire iska: matsa liba sau da yawa ka riƙe, buɗe nipul, rufe, sannan ka saki, a maimaita har kumfa ta ƙare, ana lura kar kofin sama ya bushe. Haɗa wayar fitilar birki.

Gwaji

Goge faifai da abin wanke birki ko sipirit, ba fetur mai mai ba, kuma duba oyil sil na shakazoba, in yana yoyo kan faifai zai sauka ya kashe fad. Bi sifok ɗaya bayan ɗaya kana bugawa da sifana, wanda yayi ƙarar dum a ɗaure shi, yanzu duk ƙarfin birki ta cikinsu yake bi zuwa wili. Tura babur da ƙafa ka matse birki sau da yawa tukuna. Sai ka samu titi mara mutane, da hular kwano, ba fasinja, ka riƙa kaiwa gudun 40 zuwa 50 kana ragewa zuwa kaman 10 ba tare da tsayawa cak ba, wajen sau goma, kana barin ɗan tazara ya huce. Haka fad ke kwanciya a faifai. In liba na bugun yatsunka faifan na rawa, koma kan agogo. In ka sauka ka ɗaga gaba taya ta ƙi juyawa sakat, kalifa bata zauna tsakiya ba ko fil ɗin zamiyarta ya bushe.

Ɗiga fenti akan kowane bol ya haɗa da jikin ƙarfen, in ya motsa zaka ga layin ya rabu. Duba su bayan fitar farko, ka sake dubawa bayan kilomita 100, da na baraket da sifok, sannan duk lokacin da kaje juyen baƙin mai ka leƙa bakin ramukan adafta ko akwai baƙin gari na fitowa, in akwai to wani abu na motsi a wurin, a kwance a duba kafin a sake hawa.